Ilun Goggo Tabawa

Tun da na dawo daga Umara ban huta ba. Wadda ta zo karɓar dabino da ruwan Zamzam sai ta gyara zama ta ce, "To Malama Binta, ba mu labari." In na ce lafiya lau aka je aka dawo, sai a ce ai fuskata ba ta nuna haka ba. Suna da gaskiya. Na gaji da ba da shi guntu-guntu a ofishin malamai, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni in sha ruwa.

Ba ibada kaɗai ta kai ni ba, da saƙo na tafi. Inna, mahaifiyata, tana da ƙanwa mai suna Tabawa, muna ce mata Goggo, wadda ta je Hajji tun ina firamare ta zauna a can. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba, tuwo take sayarwa. Bara ɓarin jikinta ya shanye. Labarin da ke iso mu ta bakin alhazai shi ne wai wani ɗan daudu ne ke riƙe da ita. Ana jibi zan tashi Inna ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Ki raba ta da shi," ta ce. "Akwai ɗan wan mijinta a can, Abdul'aziz, mutumin kirki mai iyali. Ki kai ta gidansa. Kada 'yar'uwata ta cika a hannun ɗan daudu ina raye."

Na amsa ba gardama, amma dalilina daban da na Inna. Ita bakin duniya take tsoro. Ni kuwa, waɗanda suka san ni a ƙungiyarmu ta mata sun san bakina. Kwanakin baya 'yan matan ƙungiyar suka kawo mana muhawarar da suke gani a waya, ta ƙasashen da namiji kan ce shi a ransa mace ne, a kuma nemi mata su matsa masa wuri. Wasu suka ce tausayi ya kamata. Ni na ce wanda aka tura makaranta aka bar ƙanwarsa da wanke-wanke, wanda aka zuba wa tsoka aka bar mu da romo, ba zai zo da rana tsaka ya ce ciwonmu ɗaya ba. Ya ɗaura zane in ya ga dama. Ranar da zanen ya ishe shi zai kwance ya koma cikin maza, mu kuwa ba mu da wurin komawa. Da wannan ra'ayin na hau jirgi, kuma ba zan ce muku na zubar da shi duka ba.

Tun a filin jirgi na Kano aka fara tsokano ni. Mata muka fi yawa a ayarinmu, cikinmu har da Hajiya Rabi, 'yar kasuwar da ta san Makka kamar tsakar gidanta. Amma da ejan ya zo naɗa shugaban tafiya, sai ya tsallake mu duka ya miƙa jakar takardun mota da na masauki ga wani Malam Garba, wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Na tambayi dalili, ya ce, "Haba Hajiya, ai namiji ne." Su can Makka sun daina tambayar mace muharrami, mu ne dai har yanzu ba ma yarda mace ta riƙe ko da jaka.

Malam Garba mutum ne mai sauƙin kai, ban ga laifinsa ba. Da aka sanar an kusa miƙati ya shiga banɗakin jirgi ya ɗaura harami, ya fito yana tallafe da shi da hannu bibbiyu don kada ya ba da mu. A Jidda wata yarinya ce cikin niƙabi ta duba fasfona, ta ɗauki hoton yatsuna, ta ce in wuce. Muka fito wajen mota, direba ya ce a ba shi takarda, sai shugabanmu ya fara lalube a jikinsa, alhali harami ba shi da aljihu. Jakar tana can banɗakin jirgi tare da kaftaninsa. Sai Hajiya Rabi ta zaro wayarta. Ashe tun a Kano ta ɗauki hoton kowace takarda. Ta yi wa direban Larabcin kasuwa har ya buɗe mana ƙofa. Muna zama sai na ji wani a baya yana cewa, "Kai, shugaba ya yi ƙoƙari." Ina cikin harami, don haka na haɗiye abin da ya zo bakina na kama Labbaika.

A unguwar Misfala aka sauke mu, mu huɗu a ɗaki. Biyu na son sanyin na'ura, biyu na da ciwon ƙafa, sai da muka yi yarjejeniya kamar masu rabon gado. Abinci kuwa shinkafa ce da rabin kaza, rana da dare, da safe wake dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake cewa tamis. Na kwana biyu ina yabawa, a na uku na fara mafarkin miyar kuka. Ganin Ka'aba ba zan iya ba ku labarinsa ba, kuka kawai na yi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a wajen ɗawafi kafaɗata na gugar ta wani tsoho Bature, ta wani ɗan Indiya, ba wanda ya ce mace ta koma baya. Na tuna masallacin unguwarmu, da ko tabarma ɗaya ba a ware mana ba.

Rana ta uku na ɗauki tasi zuwa Hindawiyya, unguwar da Goggo take. Direban Bahaushe ne haifaffen can, rabin maganarsa Larabci, ya ajiye ni a bakin wani lungu ya ce in tambayi gidan Tabawa mai tuwo. Ƙamshin daddawa ne ma ya kai ni. Wadda na fara tararwa a ƙofa wata doguwar mata ce tana tankaɗe, Magajiya, mutuniyar Maraɗi, maƙwabciyar Goggo kuma abokiyar sana'arta. Kafin mu gama gaisawa sai ga wani siririn dattijo ya leƙo daga madafa, cikin jallabiya, tawul a kafaɗa, ludayi a hannu. Ya tafa hannu ya karya wuya.

"Wayyo ni, ɗiyar Yaya ce? Wallahi goshin nan nasu ne. Shigo Hajiya, shigo, Uwa tun asuba take tambaya."

Shi ne Ilu. Na amsa masa a daƙile, ban ko dube shi sosai ba.

Goggo na kwance a kan katifa, ta rame, bakinta ya karkace, amma ɗakin tsaf, ba wari ko kaɗan. Ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya muka yi kuka. Na wuni a nan, na dawo washegari, na kuma dawowa, har na gane yadda gidan ke tafiya. Akwai labule a tsakiyar ɗakin. Wanka da canjin kaya da duk abin da ya shafi tsiraici na Magajiya ne, lokacin nan Ilu na waje. Kunu da magani da juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, da ɗaukarta a sa a keken guragu, nasa ne. Shi ke zuwa asibiti karɓo magani, domin tsakaninsa da Magajiya shi kaɗai ke da igama, wato takardar izinin zama. Wani mai gidan abinci ne ya tsaya masa ya samu.

Zancen igamar nan ne ya buɗe bakin Magajiya, ranar da na zauna taya ta gyaran kuɓewa.

"Ɗiyata, kin ga wanga? Ni da Tabawa munka koya mai tuƙin tuwo. Da ya zo ko gishiri bai iya sawa ba. Amma lokacin Arfa, in za a ba da aikin abincin alhazai, wa aka kira? Ilu. Shi ka zama da masu kwangila, shi ka shiga mota gaba, mu muna bayan tanti hayaƙi na cin idonmu. In askar masu kame sun shigo lungu, mu ka gudu, shi ya hiddo takarda. Yana zama cikinmu, yana magana irin tamu, amma ran da anka zo rabon abin maza, da shi a ciki."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, don tawa ce aka faɗa da wani bakin. Da yamma na same shi yana tuƙa tuwo, na ɗora masa ita ba sakayawa. Na zaci zai yi fushi ko ya yi min irin habaicin da aka san su da shi. Sai ya ci gaba da tuƙi.

"Magajiya ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Na ci abin da ba su ci ba. Ko a gidanmu a Gusau ni aka sa makaranta, aka bar yayata, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Amma Hajiya, masu kwangilar nan da nake zama da su, ba wanda ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni. In na juya baya ina jin abin da suke kirana. Babana da ya rasu, sai bayan sadakar bakwai aka gaya min, don kada in je in tsaya a cikin mutane."

"To kai me kake ɗaukar kanka?" na tambaye shi.

Ya ɗaga muciya ya duba ko tuwon ya yi. "Ban taɓa cewa ni mace ba ce. Ina sallata a sahun maza. Namijin da suke so ne dai na kasa zama, na gwada har na gaji. Uwa ce ta fara ce min zauna ka ci, ba ta tambaye ni komai ba."

Na rasa inda zan ajiye shi. Sunayen da 'yan matanmu ke karantowa a waya ba wanda ya yi masa daidai, shi ma bai nemi ko ɗaya ba. Amma saƙo saƙo ne. Na je gidan Abdul'aziz, wani bene mai tsabta, matarsa ta kawo min gahawa da dabino. Hausarsa sai an haɗa da haƙuri.

"Ahlan, ya Hajja. Matar baffana ce, a kan kaina. Ranar Alhamis in kawo sayyara, mota, in ɗauke ta. Bas wannan mutum, mamnu', ba zai zo ƙofata ba. Ina da banat, 'yan mata, ina da maƙwabta."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ke sabunta wa Goggo takardunta tun rasuwar mijinta. Sai dai daga Sallah sai Sallah yake leƙa ta, bai ma san da wane hannu take iya riƙe cokali ba.

Na koma na gaya wa Goggo, Ilu na tsaye a bakin labule. Ya juya ya fita. Goggo ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta kafin ta fito.

"Ba inda za ni."

"Goggo, Inna ce ta ce."

"Ki ce wa Yaya na haihu." Ta huta, ta ja numfashi. "Ɗa ne ko 'ya ce, nawa ne."

Ranar na koma Misfala a ƙafa rabin hanya, raina a jagule. Inna ta kira, na ce mata ana shiri. Kunya ta kama ni, mace da furfura tana yi wa uwarta ƙarya a garin Makka. Ina ganin gaskiyar Magajiya, ina jin umarnin Inna, ga kuma tsohuwa ta faɗi abin da take so da rabin bakin da ya rage mata. Ni da na shekara ashirin ina faɗa a taro cewa a riƙa tambayar mace kafin a yanke mata hukunci, ga ni na zo da mota zan kwashe wata kamar buhun gero. Ranar Laraba na kira Abdul'aziz na ce ya dakata zuwa Lahadi, jikin nata bai yi ƙwarin tafiya ba. Ni na yi wannan, ba wanda ya sa ni.

Ranar Juma'a da hantsi Goggo ta cika. Ina wurin. Ilu na ba ta ruwa da cokali sai ya ga idonta ya sauya. Ya ajiye kofin, ya tallafo kanta, ya sunkuya yana maimaita mata kalmar shahada a hankali, har leɓenta ya motsa ya tsaya. Abin da Inna ta ce kada ya faru ya faru a gabana, kuma ban ji zan iya matsar da hannunsa ba. Magajiya ce ta shafe mata ido, ta ja mayafi, sannan ta ce, "Hita, Ilu. Yanzu namu ne." Ya fita ya zauna a dokin ƙofa yana kuka kamar yaro.

A can ba a yi wa gawa wanka a gida kamar yadda muke yi, kuma ba a binnewa sai da takarda. Ilu da Abdul'aziz suka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi har washegari, Magajiya kuwa ko kusa ba ta isa ta je ba. Aka kai Goggo wani ɗakin wankan gawa a jikin masallaci, mata ma'aikata suka yi mata, ni da Magajiya muna zuba ruwa. Daga nan sai masallacin Harami. Bayan La'asar aka yi kiran sallar mamata, muka miƙe a sahunmu na mata muka yi kabbara huɗu. A gida ban taɓa sallatar gawa ba, ko ta mahaifina, muna cikin gida muka ji an tafi da shi. Ga shi a nan na sallaci Goggo da bakina.

Iyakarmu ke nan. Maƙabarta ta maza ce, a can ma kamar nan. Muka tsaya a inda motar gawa ke jira, Abdul'aziz da abokansa biyu suna shirin shiga. Ya dubi Ilu sama da ƙasa. Tun da safe ya ba shi aron farar riga irin tasu, ya ce in zai zo to ya rufe bakinsa, ya kuma daina wannan lanƙwasa hannu. Ilu ya tsaya a cikin rigar da ta yi masa yawa, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Ni gara in zauna tare da ku," ya ce mana ƙasa-ƙasa. "Ban saba shiga cikinsu ba."

Na zaci Magajiya za ta ce ga irinta nan, yau ma shi ne a gaban mota. Shekara talatin suna hura wuta ɗaya da Goggo, ita ta wanke ta har ranar ƙarshe, amma ba za ta ga inda aka sa ta ba. Ta share ido da bakin mayafi ta tura shi da hannu.

"Tahi, Ilu. Tunda kai an bar ka, tahi ka tsaya muna. Ka duba da kyau, ka zo ka hwaɗa muna."

Ya dawo gab da magariba, rigar aro duk ƙura. Muka zauna a ɗakin Goggo, katifarta a naɗe a gefe, ya ba mu labari dalla-dalla. Da farko ba su ba shi wurin kamawa ba, sai da ya cusa kafaɗarsa da ƙarfi. Ma'aikatan wurin ne suka saka ta, suka kwantar da ita a kan damanta. Ba a rubuta suna a kabari a can, don haka ya ƙirga layi daga bango ya riƙe a kansa. Ya zuba ƙasa sau uku nasa, ya sake uku na Magajiya, uku nawa, yana cikin na Yaya, wato Inna, wani ma'aikaci ya ce masa kalas, ya isa. Bai tsaya ba sai da ya cika. Magajiya ta sa shi ya maimaita tun daga farko, ya maimaita.

Sauran kwanakin na yi su tsakanin Harami da Hindawiyya. A jirgin dawowa Malam Garba ya miƙa wa Hajiya Rabi jakar da kansa, ni kuwa ko dariya ban iya yi ba, ina ta juya abin da zan gaya wa Inna. Masu tambayata ko na sauya ra'ayi, ga amsa. Har gobe ina nan a kan cewa Ilu ya sami abin da Magajiya ba ta samu ba, don kawai an haife shi namiji, kuma shi ma bai musa ba. Abin da ban sani ba kafin in tafi shi ne mutum na iya riƙe wannan rabon a hannu, masu rabawar kuma suna ƙyamarsa. Ban san sahun da zan sa shi ba, na kuma daina gaggawar nema.

Inna ta bari sai da 'yan gaisuwa suka ragu sannan ta kira ni ɗaki.

"A gidan Abdul'aziz ta cika?"

"A'a, Inna. A ɗakinta. Ni na hana a ɗauke ta."

"A hannun wa?"

Na gaya mata. Na gaya mata labule, da cokali, da shahada, da abin da Goggo ta ce in faɗa mata, da ƙasar da aka zuba da sunanta. Ban rage komai ba, har ƙaryar da na yi mata a waya. Tana ta jan carbi, ni kuma ina jiran faɗa, don na san na ci a yi min. Can ta ɗago.

"Kina da lambarsa?"

Na ce ina da ita. Ta ce in kira. Ya ɗauka, ina jin ƙarar tukwane a bayansa. Na miƙa mata wayar, ta riƙe da hannu biyu, ta gyara murya irin yadda take yi in za ta gaisa da dangi.

"Ilu ne? Yayar Tabawa ce. Ya muka ji da haƙuri?"